Wasiƙa daga Fargo, Dakota ta Arewa

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba da Inna. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka, wai wace irin ƙasa ce wannan da na zo karatu, tunda ko a rediyo ba ka taɓa jin an ambace ta ba. Waya ba za ta ɗauke zancen ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Kai mutumin gona ne, ita kuwa jihar nan kusan duk labarinta na gona ne.

Dakota ta Arewa tana can ƙuryar arewacin Amurka, a tsakiyar nahiyar, nesa da teku ta kowace fuska. Kanada ce a arewa da ita, Minesota a gabas, Montana a yamma, Dakota ta Kudu kuma a kudu. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 183,000, amma ƙidayar 2020 mutum 779,094 kacal ta samu a cikinta. Sai ka yi doguwar tafiya a mota ba ka ga komai ba sai gonaki da turakun lantarki da manyan rumbunan hatsi can nesa. Bismarck ce hedikwatar jihar, a bakin kogin Missouri, amma Fargo inda nake ta fi kowane gari jama'a. Rana ɗaya aka mai da Dakota ta Arewa jiha tare da ta Kudu, 2 ga Nuwamba 1889, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Benjamin Harrison, ya sa an cakuɗa takardun kafin ya sa hannu, don kada wata ta ce ita ce babba.

Sanyin nan, aminina, ba a ba da labarinsa, sai wanda ya ɗanɗana. Tun daga Nuwamba ƙasa take daskarewa, ba ta sakin jiki sai wajen Afrilu. Babu dutse babu daji da zai tare iskar da ke gangarowa daga Kanada, haka take shigowa kai tsaye. Akwai ranakun da ake gargaɗin mutane a rediyo cewa duk fatar da aka bari a buɗe za ta iya ƙonewa da sanyi cikin 'yan mintoci. Motoci da yawa suna da wata waya da ke leƙowa ta gaba, da dare a jona ta da lantarki don ɗumama inji, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. A shekarar 1936 aka ga iyakar abin: cikin Fabrairu sanyi ya kai digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas a garin Parshall, sannan cikin Yuli na shekarar dai zafi ya kai digiri 49 a garin Steele. Tazarar digiri 100 ke nan cikin wata biyar, a jiha ɗaya.

To ga abin da na fi so ka ji. Ruwan da suke samu a shekara, har da na dusar ƙanƙara, bai kai milimita 400 ba a yammacin jihar, a gabas kuma yana kaiwa wajen 550 zuwa 600. Wato tsakanin na Damagaram da na Katsina ke nan. Amma da wannan ruwan suke sahun gaba a duk Amurka wajen alkamar da ake shukawa bayan sanyi, da alkama mai tauri ta yin taliya, da kanola da ake matse mai daga cikinta, da busasshen wake, da zuma. Masu kiwon zuma ma, in sanyi ya ƙarato, sai su loda amyoyinsu a manyan motoci su kai su Kalifoniya, su dawo da su in furanni sun buɗe.

Na tambayi malamanmu dalili, na kuma duba da idona. Na farko, sanyin da ke wahalar da mutum shi ke tsare danshi: wata biyar rana ba ta shan ruwan ƙasa, in ƙanƙara ta narke kuma a gona take nutsewa. Na biyu ita kanta ƙasar. Dubban shekaru ciyawa tana tsirowa tana ruɓewa a wurin ba a taɓa sa mata garma ba, har ta zama baƙa wuluk. Nan gabas kuwa, inda Fargo take, gindin wani tsohon tafki ne da ake kira Agassiz, wanda ya samu bayan narkewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin. Da ya ƙafe sai ya bar laka mai albarka, shimfiɗe ba tudu ba kwari. A nan ake noman wani tushe mai kama da gwaza da ake tatsar sukari daga gare shi.

Wannan shimfiɗar tana da nata sharrin. Kogin da ya raba mu da Minesota, Red River, arewa yake gangarawa zuwa tafkin Winnipeg a Kanada. Kudu ke fara narkewa, sai ruwan ya taho ya tarar da arewa tana daskare, ya rasa hanya, ya bazu cikin gonaki da garuruwa. A Afrilun 1997 ya shanye garin Grand Forks, aka kwashe mutane wajen 50,000, ga kuma gobara ta tashi a tsakiyar gari ruwa na kewaye da ita. A 2009 ya nufo Fargo, mutanen gari da ɗaliban jami'a suka cika miliyoyin buhunan yashi dare da rana suka tare shi. Har yau da alfahari suke ba da labarin.

Kada ka ɗauka haka suka taso cikin wadata. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar eka 160 kyauta. Talakawa suka yi ta kwararowa, mafi yawa 'yan Norwe da Jamusawan da suka daɗe zaune a Rasha. Da yake babu itace, da yankan ƙasa mai ciyawa wasu suka gina ɗakunansu na farko. Suka kafta ciyawar nan kaf, sai fari ya zo a shekarun 1930, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana yin duhu da rana tsaka, ga fara. Mutane suka yi ta gudu. A 1930 jihar tana da mutum 680,845, kuma har ƙidayar 2010 ba ta sake kai wannan adadin ba. Saboda wannan masifar ne gwamnatin Franklin Roosevelt ta sa aka dasa bishiyoyi sama da miliyan 200 a jere a jere, daga nan har Tekzas, don karya ƙarfin iska. Layukan suna nan a gefen gonaki, ko da yake yana ba ni takaici in ga wasu manoma na tumɓuke su yanzu don manyan injina su sami wurin juyawa.

Amma in ka tambaye ni abin da ya fi burge ni a tarihinsu, ba ƙasar ba ce, manoman ne. A farkon ƙarni na 20 manomi zai sha wahala ya kai alkamarsa rumbu, dillali ya ce mai ƙasƙanci ce, ya rage mata daraja, ya zabge nauyi da sunan datti, sannan a kai ta birnin Minneapolis da ke Minesota a sayar a matsayin mai kyau. Kamfanin jirgin ƙasa ya yanki nasa, banki ya ɗora ruwa mai nauyi a kan bashi. A 1915 wani manomi da ya karye, A. C. Townley, ya shiga bi gona gona yana haɗa kansu cikin ƙungiyar Nonpartisan League. Shekara ɗaya kacal suka ci zaɓen gwamna da manomi ɗan'uwansu, Lynn Frazier. A 1919 suka kafa bankin jiha, Bank of North Dakota, wanda har yau babu wata jiha a Amurka da ke da irinsa. A 1922 suka buɗe masana'antar niƙa alkama mallakar jiha a Grand Forks, tana nan tana aiki. A 1932 kuma suka kaɗa ƙuri'a suka hana kamfanoni mallakar gonaki, dokar da har yanzu take nan ko da yake an ɗan sassauta ta. Mutanen da da yawansu ko Turanci ba su iya sosai ba ne suka yi wannan. Sun gane cewa yawan amfanin gona ba ya fitar da manomi daga talauci matuƙar wani ne ke riƙe da ma'auni da rumbu da bashi. Kai na tuna da na karanta wannan, saboda ƙungiyar da kuke ta fama ku kafa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, filin da aka raba kyauta yana da masu shi. Ƙabilun Mandan da Hidatsa da Arikara manoma ne a fadamun Missouri tun kafin zuwan Turawa, suna noman masara da wake da kabewa, garuruwansu kuma manyan kasuwanni ne. A wurin Mandan da Hidatsa ne matafiyan nan Lewis da Clark, waɗanda gwamnatin Amurka ta aika binciken yammacin nahiyar, suka yi sanyin 1804 zuwa 1805. A 1837 cutar agana ta shigo ta jirgin ruwan 'yan kasuwa ta kusa ƙarar da Mandan baki ɗaya. Waɗanda suka rage suka haɗu wuri ɗaya suka sake kafa rayuwa, sai ga madatsar ruwa ta Garrison, wadda aka fara ginawa a 1947. Tafkin da ta haifar, Sakakawea, ya cinye musu fadama sama da eka 150,000, har da garin Elbowoods da asibitinsa, aka kora su kan tudu inda noman da suka sani ba ya yi. Akwai hoton shugabansu George Gillette yana kuka a wurin sa hannu a 1948. Na daɗe ina kallonsa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Yammacin jihar daban yake: tsaunuka masu zaizaya da kwazazzabai, ƙasar kiwon shanu, inda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya zo farautar ɓauna a 1883 ya kuma kafa garke. Yanzu wani ɓangare na wurin gandun daji ne mai sunansa. Can ne kuma man fetur yake. An fara samunsa kusa da Tioga a 1951, amma sai da aka ƙware wajen fasa dutsen Bakken, wanda man ke ciki can ƙarƙashin ƙasa, da ruwa mai ƙarfi ya ɓarke, har ya haura ganga miliyan ɗaya a kullum a 2014. Shi ya dawo da jama'a jihar, garuruwa irin Williston suka cika maƙil, haya ta yi tsada, da dare kuma ka ga wutar iskar gas tana ci a cikin gonaki.

A wannan yankin man akwai wani ƙaramin ƙauye, Ross, inda Musulmi 'yan Siriya da Lebanon da suka zo noma suka gina masallaci a 1929, ɗaya daga cikin na farko da aka gina a duk Amurka. Tsohon ginin ya rushe, amma an yi ƙarami a wurin a 2005, ga maƙabartarsu a gefe. Mu a Fargo muna da masallaci da jama'a, akasari Somaliyawa da 'yan Bosniya da Larabawa, kuma ana samun naman halal. Lokutan salla ne ke buƙatar lura: a Disamba yini bai kai awa tara ba, la'asar da magariba kusa da kusa, a Yuni kuwa rana tana kusan awa 16 a sama, sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa.

Ka rubuto mini yadda kaka ta kasance, nawa buhun gero da na wake suke a kasuwa, da kuma inda maganar ƙungiyarku ta tsaya. In kuna so, zan nemo muku bayanin yadda ƙungiyoyin manoma na nan suke tafiyar da rumbunansu, in fassara in aiko. Ka gaishe mini da su Baba da Inna, ka roƙe su su sa ni cikin addu'a. Ina gaida maiɗakinka da yara, da duk mutanen majalisa.

Wassalam,
Naka amini