A kan wane ma'auni ake sallamar ma'aikata?

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi magana a kan yadda kamfanoni ke zaɓen waɗanda za su sallama idan kasuwa ta ja baya. Ƙanena ya shekara goma sha ɗaya yana aiki a wata masana'antar robobi a Sharaɗa. Wata Litinin ya isa bakin ƙofa da kular abincinsa a hannu, sai ya ga an liƙa takarda a bango, sunansa na huɗu. Yaron da shi ya koya wa riƙe injin bara yana nan daram, domin ɗan uwan manaja ne.

Na san tsadar dizal da faɗuwar naira sun matsa wa masu masana'antu, ba na musun wannan. Amma akwai doka. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce dole ne a sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Ya ce wanda ya zo daga baya shi ne farkon tafiya, sai dai a duba ƙwarewa da riƙon amana. Ya kuma ce a tattauna kuɗin sallama. Ko ɗaya ba a yi wa ƙanena ba. Sai aka ce masa dama shi ɗan kwantiragi ne, bayan duk shekarun nan!

Ina roƙon Ma'aikatar Ƙwadago ta riƙa turo jami'anta su duba jerin sunayen kafin a liƙa shi. Ƙanen nawa dai yanzu yana neman lauyan da zai kai ƙararsa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Naka,
Mai karatu daga Gwale, Kano