Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wanda ya tambaye ni abin da ya haɗa ni da Masai

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan na gama laccar da aka gayyace ni in yi kan Masai, makiyayan Gabashin Afirka, ka karɓi lasifika ka jefo mini tambaya uku a dunƙule. Ka ce me ya haɗa Bahaushe Musulmi da arna masu shan jinin shanu. Ka ce mutanen daji ne, ba su da wani tarihi in ban da tsalle-tsalle don Turawa su ɗauke su hoto. Ka rufe da cewa jama'a na son sanin wace ƙungiyar waje ce ta biya ni. Shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure, kai kuma ka fice tun ba a yi addu'ar tashi ba. Tunda a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane zan amsa.

Zancen kuɗin ne ya hana ni barci. Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi, kuma a zauren nan akwai mutane fiye da goma da suka zauna a ajina, wasunsu yau sun yi furfura. Ka tambaye su ko sun taɓa jin an sayi bakina. Tafiyar da na yi zuwa Narok da Kajiado a ƙasar Kenya da kuɗin sallamata na yi ta, a motar haya, ina kwana inda dare ya yi mini. Ba wanda ya ba ni ko sisin kwabo. Kai ma ka san haka, domin ba yau muka san juna ba, kuma ban manta cewa sunanka aka fara sa wa a wannan lacca kafin masu taron su canza shawara. In wannan ne ya tsaya maka a rai, da ka same ni a gida mun kashe maganar, bai kai ka taɓa mutuncina a gaban ɗalibaina ba.

Sai batun cewa ba su da tarihi. Malam, birnin Nairobi da jirginka ya sauka sunansa daga harshensu na Maa ya fito, Enkare Nairobi, wato ruwa mai sanyi. Garkuwar da ke tsakiyar tutar Kenya tasu ce. Ƙololuwar Dutsen Kenya sunan babban bokansu kuma jagoransu Mbatian take ɗauke da shi. Kakanninsu sun gangaro daga arewa, ta wajen tafkin Turkana, suka bazu da shanunsu cikin babban kwarin da ya ratsa Kenya da arewacin Tanzaniya, har ta kai ayarin fatake daga bakin teku sai sun biya kuɗin hanya ko sun kewaye ƙasarsu. A ƙidayar Kenya ta 2019 sun kusa miliyan 1.2, ban da na Tanzaniya.

Abin da ya karya su ba baƙo ba ne a wurinmu. Ciwon bushiya ya shigo Afirka ta tashar Massawa da ke Eritrea ta yau wajen 1887 tare da shanun da sojan Italiya suka kawo. Zuwa 1891 ya share kusan duk garken Masai, sai agana ta biyo baya, ga fari, ga yunwa. Wannan zamani suna kiransa Emutai, wato shafewa. Annobar nan ita ce ta ƙetara yamma ta kwantar da shanun Fulani a ƙasashenmu cikin waɗannan shekaru. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Suna cikin wannan rauni Ingila ta zo da takarda. A 1904 aka sa shugabanninsu, har da Olonana ɗan Mbatian, suka dangwala hannu kan yarjejeniyar barin makiyayar Naivasha da Nakuru a Kenya domin a ba Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Aka ware musu Laikipia a arewa da wani yanki a kudu, aka rubuta cewa alkawarin zai tsaya muddin Masai na nan a matsayin al'umma. Shekara bakwai kawai ya yi. A 1911 aka sake kawo wata takardar, aka kore su daga Laikipia mai ciyawa zuwa kudu, mutane da dabbobi suka yi ta mutuwa a hanya. Ka san gwamnan da ya yi wannan aiki? Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a Arewacin Najeriya, ya zauna daga 1907 zuwa 1909, ya tsaya kan shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano. Daga kanmu ya tashi ya je kansu. Ka tambaye ni abin da ya haɗa mu, to ga ɗaya.

Kuma waɗannan da ka kira mutanen daji ba mashi suka ɗauka ba. Lauya suka ɗauka. Parsaloi Ole Gilisho da 'yan'uwansa suka kai gwamnatin mulkin mallaka ƙara, a 1913 kotu ta kori ƙarar da hujjar cewa abin da aka ƙulla yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu masu cin gashin kai, don haka ba hurumin kotun ba ne. Ranar ƙwace musu ƙasa talakawan sarkin Ingila ne da ake tusa ƙeyarsu, ranar neman hakki kuma sai suka zama ƙasa mai 'yanci. Duk lokacin da na koyar da wannan shari'a sai raina ya ɓaci, yau ma da nake rubuta ta haka ne.

Abin bai tsaya a zamanin Turawa ba. A 1959, tun Turawa na mulki, aka fitar da su daga Serengeti da ke Tanzaniya ta yau don a keɓe shi ga namun daji kaɗai, aka ce su zauna a Ngorongoro ba mai sake tashinsu. A watan Yunin 2022 jami'an tsaron Tanzaniya suka shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo, yankin da wani kamfanin farauta na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya daɗe yana harka. An yi harbi, mutane da dama sun ji rauni, ɗan sanda ɗaya ya mutu, wasu suka tsere Kenya. Ana kuma kwashe iyalai daga Ngorongoro zuwa ƙauyen Msomera a lardin Tanga, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Gwamnati na cewa da yardarsu ne. A watan Agustan 2024 dubbansu suka fito suka tare hanyar masu yawon buɗe ido don su ce ba haka ba ne.

Zancen jini ba zan daɗe a kansa ba. Haramun ne a addininmu, ban kuwa taɓa cewa halal ne ba. Su kan tsaga jijiyar wuyan sa da kibiya su tari kaɗan ba tare da sun kashe shi ba, galibi don mai jego ko maras lafiya, abincinsu na kullum kuwa madara ne da tuwon masara. Kaciyar mata ma na ce cuta ce a laccar, Kenya ta haramta ta a 2011, kuma 'ya'yan Masai mata na cikin masu yaƙi da ita. Bayyana al'adar mutane ba shiga addininsu ba ne, kowane ɗalibin ilmi ya san wannan.

Tsallen da ka gani a bakin otal guntu ne daga tsari mai zurfi. Samari sa'o'in juna ake yi wa kaciya su shiga rukunin mayaƙa, su bar gashi su shafa jar ƙasa, su tsare garke shekara da shekaru. Saurayi a wannan mataki ba ya shan madara shi kaɗai, sai da ɗan'uwansa, don kada wani ya kwana da yunwa. Ranar bikin Eunoto, wato bikin fita daga rukunin mayaƙa, uwa ce ke aske wa ɗanta wannan gashi da hannunta, daga nan ya kama hanyar dattijantaka da aure. Mata ne ke gina ɗakuna, maza su kewaye gida da ƙaya saboda zaki da kura. Na zauna a irin wannan gida, na ga yara na sunkuyar da kai dattijo ya dafa, sai na tuna yadda muke durƙusa wa iyayenmu. Daga cikinsu Edward Sokoine ya fito ya zama firaministan Tanzaniya, haka David Rudisha da ya kafa tarihin gudun mita 800 a Landan a 2012.

Abin da ke damuna ya wuce kai kaɗai. Mun bari hotunan kamfanonin yawon buɗe ido sun zama littafinmu na sanin 'yan'uwanmu na Afirka. Kalmar mutanen daji ita ce aka fara jifan Masai da ita kafin a taɓa ƙasarsu, ita ce kuma aka kira kakanninmu da ita a takardun Turawa. Ina jin irinta yau a bakin masu ilminmu idan ana zancen makiyayi, a haɗa mai laifi da wanda aka cinye wa burtali a yi musu kuɗin goro. Jin ta daga bakin mai karatu irinka, a gaban yara masu rubuta abin da manya suka faɗa, shi ya fi ƙona mini rai.

Masu taron sun ce za a sake zama ƙarshen wata. Zan zo da kwafin yarjejeniyar 1904 da ta 1911 in miƙa maka a hannu. Kai kuma ka zo da sunan ƙungiyar da ka ce ta biya ni, ko ka janye maganar a wannan lasifikar da ka faɗe ta.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, malamin tarihi mai ritaya.