Ba Kowane Zawo Ne Taifot Ba: Jan Hankali Ga Masu Jinyar Ciwon Daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin iyalan da ke jinyar masu ciwon daji, da ma'aikatan lafiya na jiharmu ta Katsina, a kan wani sabon nau'in magani da ya fara shigowa gidajenmu ta hannun waɗanda ke zuwa neman lafiya Masar ko Indiya ko Abuja. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, abin da zan faɗa kuwa jinyar yayana ce ta koya mini shi.

Maganin ta ƙarin ruwa ake ba da shi, kuma fitattu a cikinsa su ne nivolumab, da ipilimumab, da pembrolizumab wanda ake sayarwa da sunan Keytruda. Aikinsa ya sha bamban da na kemo, wato maganin da aka saba yi wa masu kansa, domin shi ba ya kashe ƙwayoyin cutar da kansa. Allah Ya sanya wa sojojin garkuwar jikinmu wani linzami da ke hana su afka wa jikin da suke tsaro, ita kuma kansa takan ja wannan linzami don ta tsira, sai maganin ya zo ya kwance shi. A kan wannan bincike ne James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka sami kyautar Nobel a 2018. Babu mai musun amfaninsa, tunda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya karɓi pembrolizumab a 2015, bayan kansar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, ya kuma rayu har Disambar 2024. Sai dai sojojin da aka kwance ɗin sukan juya kan lafiyayyun sassan jiki, kuma a nan ne muka sha wuya.

Yayana ya karɓi ruwa uku a Alƙahira saboda kansar huhu, mako uku-uku tsakani, sannan ya dawo gida cikin sauƙi har muna murna. Ba a jima ba zawo ya kama shi, yana zagayawa sau bakwai ko takwas a yini, daga baya har da jini da majina. Muka yi abin da kowa ke yi: aka sayo Flagyl a kemis, aka yi gwaji aka ce taifot ne aka shiga allurai, gwaggonmu kuma ta aiko da jiƙon basir. Kwana goma muka ɓata a haka yana ta ramewa, kuma laifinmu ne da ba mu gaya wa kowa irin ruwan da aka sa masa ba, domin a tunaninmu wancan magani na huhu ne, wannan kuwa ciwon ciki ne. Sai da wata likita ta nemi takardunsa na Masar ta karanta, ta sa aka gwada bayan gidansa, sannan ta ce mana kumburin hanji ne da garkuwar jikinsa ta haddasa. Ta kwantar da shi, ta fara ba shi prednisolone, aka riƙa rage shi sannu a hankali har mako shida.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda waɗannan illoli ke kama da cututtukan da muka saba da su. Idan garkuwar ta taɓa hanta, ido ya yi ɗorawa, sai a ce shawara ce. Idan ta taɓa huhu, tari da haki suka zo, sai a yi zaton tarin fuka. Kasala da jiri kuwa zazzaɓin cizon sauro muke ɗora wa, alhali ta yiwu ƙwayoyin da ke sarrafa sinadaran jiki ne suka lalace. Ƙuraje da ƙaiƙayi sun fi yawa kuma sun fi sauƙi, amma akwai ciwon suga da ke zuwa farat ɗaya yana buƙatar insulin, akwai kuma kumburin naman zuciya, wanda ba kasafai ake samunsa ba amma yana kisa da sauri. Yawanci illolin kan bayyana ne a watannin farko, sai dai suna iya zuwa watanni bayan an daina maganin, lokacin da iyali sun riga sun manta da shi. Idan aka haɗa ipilimumab da nivolumab a jinyar kansar fata, fiye da rabin marasa lafiya kan gamu da illa mai tsanani.

Kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis ya sayo prednisolone, tunda dama a garinmu ana shan irinsa kamar gyaɗa da sunan neman ƙiba. Yana danne garkuwar jiki, yana tayar da suga, kuma shi da infliximab da ake komawa gare shi idan ya gaza suna iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance, shi ya sa likita kan yi gwaji.

Roƙona shi ne duk wanda aka sa wa wannan ruwa ya riƙa yawo da kati mai ɗauke da sunan maganin, da ranar da ya karɓa na ƙarshe, da lambar likitansa, ya kuma nuna shi ko da ciwon kai ne ya kai shi asibiti. Ina kuma kira ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Ma'aikatar Lafiya ta jiha da su wayar da kan ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis, domin wurinsu ake fara zuwa da dare.

Yayana ya warke daga zawon, amma bayan wata huɗu ya riƙa jin sanyi a tsakiyar bazara, gwaji ya nuna ƙwayar tayiroyid ta wuyansa ta daina aiki. Yanzu kullum da asuba yana shan levothyroxine kafin karin kumallo, kuma likita ta ce da wuya ya rabu da shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina