Godiya ga wani shagon gyaran kwamfuta da ke titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum Malam, kai da yaran shagonka.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a saboda amanar da kuka riƙe min. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Bayan ƙaramar Sallah, da bukukuwa suka yi yawa, sai kwamfutata ta yi nauyi. Bidiyon kamu guda ɗaya, sai in je masallaci in dawo bai gama kwafuwa ba, ga iyayen amare suna ta kira. Na shigo shagonku da kuɗin sabon SSD, wato faifan ajiyar kwamfuta marar juyawa, a aljihu, don na riga na fid da rai da nawa.

Ba ka karɓi kuɗin ba, ka ce a fara dubawa. Yaronka ya buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ya juyo min da fuskar kwamfutar. Faifan Samsung 870 EVO ne mai gigabait 500, wanda kamfanin ya ba shi garantin rubutun terabait 300, ni kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar ban ci ba. Lafiyarsa lau. Ashe cika shi na yi maƙil, gigabait 9 kacal ya rage.

Bayaninka ne ya fi zauna min a rai. Ka ce SSD ba ya rubutu a kan tsohon rubutu, sai ya share gurbi sukutum tukuna. Idan babu sarari, sai ya yi ta kwashe kaya daga nan zuwa can kafin ya ajiye sabo, kamar sito cike da buhunan masara har bakin ƙofa. Wannan kai-komon ne ke jawo nauyi, yana kuma cinye masa kwana. Kuka kwashe tsofaffin ayyukana zuwa faifan waje, ka ce kullum in bar kashi 20 cikin ɗari a sarari.

Kun kuma tarar TRIM a kashe yake, wato umarnin da Windows ke shaida wa faifan wuraren da aka goge, abin da ke nan tun Windows 7 a 2009. Kuka kunna shi, kuka cire wata manhajar difrag, mai sake jera fayiloli a faifai, da nake ta sakawa duk Juma'a, ina zaton gata nake masa. Tsohon faifai mai juyawa ake yi wa wannan.

Na sayi UPS ɗin da ka ce, na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, saboda ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana lalata fayil. Kowane biki yanzu wuri biyu nake ajiye shi, tunda ka ce SSD ba ya yin ƙarar gargaɗi kafin ya mutu.

Kuɗin aiki kawai kuka karɓa, na koma gida da sauran. Allah Ya ƙara buɗi, Ya yi wa yaran albarka.

Naku,
Mai bidiyon biki daga Gwammaja