Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni. Na yi murna da jin an ɗora maka duba filayen da ke kewaye da tafkin nan kafin a ba masu noma da masu gini izini. Allah Ya taya ka riƙo. Sai dai akwai maganar da ka yi wadda ta tsaya mini a rai. Ka ce kun auna ruwan kun same shi garau, don haka ba ka ga abin damuwa ba. Ni ma na taɓa faɗin haka, har na rubuta na sa hannu. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake, maimakon mu yi ta a waya.

Ina da kamar shekarunka aka tura ni auna wani tafki. Lokacin sanyi ne. Na cika kwalabe da ruwan sama-sama, awo ya nuna sinadarin fosfaras, wanda ke cikin taki kuma yake ciyar da gansakuka, ɗan kaɗan ne, na rubuta cewa tafki lafiya lau. Lakar da ke can ƙasa ban taɓa ta ba, domin bututun ciro ta yana da nauyi, ni kuma ina sauri. Da wannan rahoto aka bari aka nome gangaren har bakin ruwa. Da na koma bayan wasu shekaru sai na tarar da ruwan kore shar kamar an zuba fenti, kifaye sun taso ciki sama, wari ya hana tsayawa. Ba wanda ya tuhume ni, amma har yau abin yana cina.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne halin fosfaras. Naitirojin, wanda shi ma sinadarin taki ne, yana iya komawa iska ya bar ruwa, shi kuwa fosfaras ba shi da wannan ƙofar. Manne wa yake yi a jikin ƙananan ƙwayoyin yumɓu, to duk sanda ruwan sama ya wanke gona mai takin zamani, ko wurin kwanan dabbobi, ko filin da aka share don gini, jan ruwan nan da ke gangarowa shi yake ɗauke da shi. Idan ya shiga tafki sai ya kwanta. Kai da ke riƙe da kwalba a sama ba za ka gan shi ba, yana can cikin laka, ƙarfen da ke cikinta mai kama da tsatsa ya riƙe shi gam.

Riƙon nan kuma da sharaɗi. Muddin akwai iskar oksijin a saman lakar, ƙarfen ba ya saki. Amma idan zafi ya yi, a tafki mai zurfi ruwan sama mai ɗumi ya daina cuɗanya da na ƙasa mai sanyi, gansakukar da ta mutu ta nutse tana ruɓewa, sai ta cinye oksijin ɗin da ya rage a ƙasa. Nan take ƙarfen ya narke ya saki abin da ya riƙe. Fosfaras ya koma cikin ruwa, ya ciyar da sabuwar gansakuka, ita ma ta mutu ta nutse ta ƙara cinye iska. Wani masani, Clifford Mortimer, ya bayyana wannan tun 1941 daga aikin da ya yi a tafkin Esthwaite na Ingila. Tafki marar zurfi kuwa ko iska mai ƙarfi da kifayen da ke tonon ƙasa sun isa su tayar da lakar.

Kada wani ya ruɗe ka cewa ba fosfaras ne jigon matsalar ba. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa sun raba wani tafki gida biyu da labule a lardin Ontariyo na Kanada, wanda ake kira Tafki na 226. Duka ɓangarorin sun sami kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras, kuma shi kaɗai ya rikiɗe ya zama kore. In ka nemi hoton da aka ɗauka daga sama ka gani da idonka, ya fi dogon bayani.

Wurin da nake so ka fi natsuwa shi ne tsawon lokacin da ɓarnar ke ɗauka. A tafkin Søbygaard na Denmak an rage fosfaras ɗin da ke shigowa ƙwarai a 1982, amma fiye da shekara goma bayan haka lakar ba ta daina fitar da wanda ta tara ba. Tafkin Washington da ke gefen birnin Siyatil na Amurka ya fi sa'a: an karkatar da ruwan bahaya daga gare shi tsakanin 1963 da 1968, kuma ya washe cikin 'yan shekaru, domin yana da zurfi, ruwa na ratsa shi, ƙasansa bai rasa iska ba. Ba kowane tafki ke samun haka ba. Izinin da za ka sa wa hannu cikin minti biyar, jikokinka na iya tarar da sakamakonsa.

Saboda haka ka bar kujera ka zagaya gaɓar da ƙafarka, musamman washegarin ruwan sama. Ka duba inda jan ruwa ya bi ya shiga. Ka duba inda dabbobi ke sauka shan ruwa, domin kofato na rusa gaɓa, kashi kuma na faɗawa kai tsaye. Gidajen bakin ruwa ma kada tsaftarsu ta ɗauke maka hankali. Ramin masai da aka haƙa a ƙasa mai yashi yana tsiyaya a ɓoye, ƙasar ta riƙe fosfaras na wasu shekaru, in ta ƙoshi ta bar shi ya wuce. Kwalta da siminti ba sa shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansu tafki ya nufa. Ko noman da ake yaba wa yana da nasa. A yankin kogin Maumee na Amurka da ke zuba a tafkin Erie, manoma da yawa sun rage kaftu don hana zaizaya, amma takin da ake watsawa a sama ya taru a fatar ƙasa, ya riƙa narkewa yana bin bututun da aka binne don tsane gonaki. A watan Agustan 2014 aka hana mutanen birnin Toledo da ke shan ruwan wannan tafkin, kimanin 400,000, shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda gubar gansakuka.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne a bar wa tafki gemunsa: ciyayi, bishiyoyi da dausayin da ke tsakanin gona da ruwa. Su ke rage wa ruwa gudu har lakar ta zauna kafin ta isa. Duk mai neman izini wurin nan yake fara sa wa ido, don shi ne mai danshi da kyan gani, kuma a nan za a fi matsa maka. Ka tsaya da ƙafarka. Amma ka sani shi ma yana ƙoshi, sai ana yanke ciyawar ana fitar da ita, in ba haka ba ta ruɓe a wurin ta mayar da abin da ta sha.

Idan ka zo ciro laka, kada ka tsaya a wuri ɗaya. Yashin bakin gaɓa ba ya riƙe komai sosai, lallausar laka kuwa can wuri mafi zurfi take taruwa, to in ka gwada wannan da wancan za ka yi wa wani ƙazafi ka wanke wani. Ka ɗebo daga bakin kowace magudana da kuma tsakiya. Ka yanka abin da bututun ya ciro santimita-santimita, domin na ƙasa tsoho ne, na sama sabo. Sinadarin siziyam-137 da gwajin makaman nukiliya ya watsa ya fi yawa a lakar 1963, da shi za ka san inda shekarun suke. Kuma kada jimillar fosfaras ɗin ta ishe ka. Ka sa a rarrabe maka wanda ƙarfe ya riƙe da wanda ke ɗaure da alminiyam ko kalsiyam, don na farkon ne mai saurin kuɓucewa. Ruwan ƙasan tafkin kuma ka auna shi a tsakiyar zafi, ba lokacin da ni na auna ba.

Sai maganar mutane. Manomin da ya nome har bakin ruwa ba mugu ba ne, abincin gidansa yake nema, kuma sau da yawa mai babban gini ya fi shi ɓarna amma ya fi shi baki. Ka auna su da mudu ɗaya. Ka ɗauki manomin ka kai shi inda jan ruwa ke fita daga gonarsa, ka nuna masa cewa takin da ya saya da guminsa ne ke tafiya. Zai fi saurin fahimta fiye da in ka aika masa takarda.

Littafin awon da na yi aiki da shi yana nan, na sa an ɗaure shi, zan ba wanda zai zo wajenku. Idan kun ciro lakar farko ka turo mini hotonta kafin ku yanka, ina so in ga launin samanta. Mahaifiyarka na gaishe ka, a shafa mini kan yara. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.