Rahoton ayyukan shekara daga ofishin sakatare

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ayyukan da muka saba, ziyarar marasa lafiya, gudummawar biki da suna, rakiyar gawa, duk an yi su Alhamdulillah kuma ma'aji zai karanto lissafinsu ranar mitin. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne karatun tsara aiki da muka yi, don wallahi shi ne ya canza mana shekarar nan.

Kowa ya tuna yadda aikin bayan gida na makarantar Islamiyyarmu ta Agege a nan Legas ya tsaya bara, an tara kuɗi an sayi bulo an kira birkila, sai siminti ya tashi, kuɗi suka ƙare ginin yana linta, kuma babu wanda ya ci ko kwabo, kawai ba mu zauna mun lissafa ba kafin mu fara. Abin ya dame ni sosai. Shi ya sa kwamiti ya roƙi wani ɗan uwanmu injiniya ya riƙa zama da mu ranar Asabar bayan la'asar, kuma bai karɓi komai ba, Allah ya saka masa da alheri.

Farkon abin da ya koya mana shi ne kowane aiki ƙafa uku gare shi kamar murhu, girman aikin, lokaci, da kuɗi, in ka taɓa ɗaya sai sauran sun motsa. Sannan a farfasa aikin gutsi-gutsi, kowane gutsi a rubuta sunan mai shi da ranar gamawa da abin da dole a gama kafin a fara shi. Ya zana mana wani jadawali a jikin kwali, ranaku a sama ayyuka a gefe, ya ce Henry Gantt wani injiniya ɗan Amurka ne ya yaɗa shi tun wajen 1910. Yaranmu suka mayar da shi Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, amma gaskiya kwalin da muka manna a bangon ofis ya fi amfani, tunda ko dattijon da bai taɓa kwamfuta ba yana zuwa ya sa yatsa ya ce wannan layin me ya hana shi tafiya.

Da shi muka yi rufin ajujuwan. Mun san ruwan Legas ba ya wasa a Yuni da Yuli, sai muka sa Afrilu lokacin gamawa muka ƙirgo baya daga nan, muka ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin saboda tashin kaya, kuma sai da muka taɓa shi wajen sayen kwano. Rana ɗaya ce muka yi kuskure, kafinta ya iso da yaransa tun safe motar katako tana cikin gosulo har azahar, muka biya kuɗin yini a banza, daga ranar muka ce kaya su kwana a wurin kafin ma'aikaci ya zo. Duk rasit ana ɗaukar hotonsa a tura guruf ɗin WhatsApp a ranar, shi ya sa bana ba a yi ƙananan maganganu ba.

Inda muka gaza, 'yan uwanmu na kasuwar Mile 12 ba su samu zuwa karatun ba saboda saukar da tumatir da albasa, mata ma ba mu shirya musu nasu ajin ba, wannan laifin kwamiti ne kuma mun ɗauka. Baɗi in Allah ya kai mu da su za a fara, sannan mu koma kan bayan gidan nan mu ƙarasa shi.

Masu bashin kuɗin wata don Allah a ga ma'aji kafin mitin, kuma a zo da kati.