Mai ciwon suga da gyambon ciki: a yi gwaji kafin a rungumi madara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu ja hankalin masu ciwon suga a Zariya kan shawarar da ake ba duk wanda ya ce yana da olsa: kada ka bar cikinka da yunwa, sha madara, ci burodi. Zafin kan lafa na ɗan lokaci, amma suga na hawa, tumbi na ƙaruwa, shi kuwa kitsen da ke kewaye da hanji da hanta yana hana insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki yadda ya kamata.

Galibi tushen gyambon wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982. Magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen ma suna jawo shi. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke nuna ko ƙwayar tana nan yanzu; na jini kan nuna ta ko da an daɗe da warkewa. A dakatar da omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba sakamako zai iya cewa babu alhali akwai.

Maganin haɗi ne na kwana 14, misali omeprazole da amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma. Masu yankewa a kwana na biyar don sun ji sauƙi, ko masu sayen Flagyl kaɗai a kemis, ƙwayar suke koya wa jure magani. Abin da ya fi damun mu shi ne clarithromycin na ƙara wa maganin suga glibenclamide ƙarfi har suga ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da gumi. Don haka a kai wa likita duk kwalayen maganin da ake sha, ko a asibitin Shika ko a na Gambo Sawaba. Bayan kammalawa da mako 4 a sake gwaji, domin a jikin mai suga maganin ya fi yawan kasa kashe ƙwayar.

In aka warke, cin abinci kan buɗe, sai ƙiba ta biyo baya. Awon tela ya isa a sa ido: a zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an fitar da numfashi. Namiji kada ya kai inci 37, mace kada ta wuce 31 da rabi. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye da wake, a yi tafiyar minti 30 kullum.

Baƙin bayan gida, aman jini ko rama ba dalili, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya,
Tudun Wada, Zariya.